Daga Loko Zuwa Siton Citta: Wa Ke Ɗaukar Ma'aikaci In Ya Kwanta a Kafanchan?

Yau ina so mu ɗan waiwayi tarihin garin nan namu ta wata kafa da ba a cika bi ba. Duk wanda zai ba da tarihin Kafanchan, ko dai ya yi maganar jirgin ƙasa, ko sarauta, ko kuma rikici. Ni abin da ya dame ni shi ne jikin mutanen da suka yi aikin. Idan lebura ya karye, ko mai zuba gawayi a jirgi ya kamu da tari, ko yaron shago ya kwanta zazzaɓi, wa ke biyan kuɗin magani, wa ke ciyar da iyalinsa kafin ya tashi? Ni ba likita ba ne, iyakata sakandare, a cikin buhunan citta da masara na tashi. Amma na ɗan yi karance-karance, na kuma zauna da dattawan da suka ga jiya, kuma abin da na tattara ya isa a yi hira a kansa.

Kafanchan gari ne da aiki ya haifa. Kafin dogo ya iso, wurin ƙauyukan mutanen Fantswam ne, waɗanda daga sunansu ma aka samo sunan garin, ga kuma maƙwabtansu Kaninkon da Kagoro da Bajju. Hausawa da Fulani suna can Jama'a Sarari inda sarki yake, sai fatake masu ratsawa. A 1927 ne layin da ya taso daga Fatakwal, ya bi ta Inugu da Makurɗi, ya haɗu da Kaduna ta nan, aka kuma ja reshe zuwa Jos don kwaso kuza. Daga ranar da wurin ya zama mahaɗa, sai mutane suka yi ta kwararowa: Ibo akawuna da makanikai, Yarabawa, Nufawa, Tibi, da kakanninmu masu sayar wa ma'aikata hatsi da goro da nama da tufafi. A 1933 sarautar Jama'a da kanta ta taso ta dawo Kafanchan. Dattawa suna cewa ban da jan da jirgi ya yi, tsohon garin yana kusa da kurmi mai ƙudan tsando, ciwo ya yi ta cin mutane. Ka ga ke nan tun ran gini, lafiya da neman abinci a haɗe suke a garin nan.

Shi kansa shimfiɗa dogon, ba da son ran kowa aka yi ba. Bature ya gaya wa sarki yawan mutanen da yake so, sarki ya gaya wa hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci ya nuna gidan da ba su da mai tsaya musu. Haka aka riƙa ɗibar samari, yawancinsu 'yan ƙabilun yankin nan, suna sare daji, suna fasa dutse, suna jidar ƙasa a kwanon kai. Ana biyan su 'yan kwabbai, wanda mafi yawa haraji ke komawa. Wanda ya kwanta ciwo sai a sallame shi ya koma gida, dagaci ya turo wani. Wannan lissafin ku riƙe shi, don za mu yi ta haɗuwa da shi: mutumin da ake iya sauyawa cikin sauƙi, ba a kashe kuɗi a kan lafiyarsa.

Da jirgi ya fara tafiya sai aka kasa ma'aikata hawa-hawa, kuma lafiyar kowa ta bi hawan da yake. A sama akwai Turawa. Dokar birane ta 1917 ta ce a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, wai don kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga jikin 'ya'yanmu ya kai musu. Bature yana shan kwini kullum, yana da gidan sauro, yana da likitansa, kuma in ya yi shekara ɗaya ko ɗaya da rabi sai a sa shi a jirgin ruwa ya je Ingila hutu da albashinsa. Ƙasa da su akwai ma'aikatan dindindin baƙar fata, wato direbobi da masu gadin jirgi da akawuna da makanikan loko. Waɗannan suna da kwatas, suna da famfo, suna da katin ganin malamin asibiti, kuma in an rubuta musu takardar rashin lafiya ba a yanke musu albashin ranar. Har gwajin ido ake yi wa direba, don wanda ba ya bambanta ja da kore zai hallaka jirgi da mutanen ciki. Ba tausayi ne ya kawo wannan ba. Kafin a samu direba guda sai an yi shekaru ana koya masa, daga mai goge inji ya zama mai zuba gawayi, sannan ya kama sitiyari. In ya mutu, an yi asarar shekarun nan. A ƙasan ƙasa kuwa akwai leburorin da ake ɗauka kullum-kullum, masu lodi da saukale da gyaran dogo a daji. Su kam ranar da ba su fito ba, babu ita a takardar heluma.

Wani dattijo da ya yi aikin loko tun zamanin injin gawayi ya taɓa kwatanta mini aikin mai zuba wuta. Gawayin daga Inugu ake kawo shi. Mutum zai tsaya a gaban tanderu yana ɗiba da shebur yana zubawa, gabansa wuta, bayansa iskar hunturu in jirgi ya fara hawan tudun Jos, ga hawan nan yana cin gawayi kamar me. Ya ce in suka sauka, kakin da suke tofarwa baƙi ne wuluk, kuma da yawansu sun tsufa da kurumta da ciwon baya. Duk da haka kowa na rububin aikin, har uba kan kai ɗansa, saboda a duk faɗin yankin nan babu inda talaka zai samu albashi da gida da magani a haɗe in ba reluwe ba.

To bari mu bar tasha mu shiga daji, don a nan ne labarin ya fi ƙarfi. Mutane suna ɗauka a Jos da Bukur kawai aka haƙi kuza. A'a, an haƙa a nan kusa da mu, wajen Godogodo da tsohuwar Jama'a da ƙasar Jaba, har zuwa Wamba. (Waɗannan gumakan yumɓu na Nok da duniya ke ta magana a kansu, ai masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928, kuma shahararren kan nan da ake kira kan Jama'a a ramin kuza aka same shi wajen 1943, har wani ya kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye da shi.) Bambancin haƙar nan da ta kan tudu shi ne, a nan ƙasa ta yi kwari, akwai kurmi da rafuka, kuma kuza a bakin ruwa ake wanke ta. Bakin ruwan nan mai inuwa kuwa shi ne gidan ƙudan tsando. Lebura yana cikin ruwa tun safe har yamma, ƙuda ya ciji mai ciwo ya ciji mai lafiya. Ciwon barci yana farawa da zazzaɓi da ciwon kai da kaluluwa a wuya, mutum yana iya yin watanni yana aiki da shi, sai daga baya ya taɓa ƙwaƙwalwa, a ga mutum yana gyangyaɗi da rana tsaka har da loma a hannu, ya rame, ya mutu. Kuma tun da 'yan kuza ba mazauna ba ne, ci-rani suke zuwa, sai kowa ya koma garinsu da ciwon a jikinsa, a kan dogon nan da hanyoyin da aka buɗe.

Tsakanin 1931 da 1940, ma'aikatan yaƙi da ciwon barci, a ƙarƙashin wani likita mai suna Lester, sun gano sama da mutum 300,000 masu ɗauke da shi a Arewa. Suna bi ƙauye-ƙauye suna tara mutane, suna shafa wuya, wanda aka ji kaluluwa a tsotso ruwanta da allura a duba a madubin likita. Maganin da ake yi a lokacin akwai guba a cikinsa, har yakan makantar da wasu, shi ya sa mutane da yawa in suka ji masu shafa wuya sun iso sai su shige daji. A sansanonin kuza na ƙasar Jama'a da Wamba sai aka kafa doka a tsakiyar shekarun nan: ba a ɗaukar lebura sai an duba shi an ba shi kati, kuma duk bayan 'yan makonni a sake dubawa, wanda aka samu da ciwo a cire shi a yi masa allurai. Aka kuma sa kamfanoni su sare itatuwan bakin rafin da ake wanke kuza. A 1937 aka yi dokar ciwon barci da ta ba hukuma ikon tilasta gwaji da sharar kurmi. Bayan yaƙin duniya na biyu sai aka koma yi wa 'yan kuza allurar riga-kafi ta fentamidin duk wata shida. Abin ya yi aiki, ciwon ya ragu ƙwarai a sansanonin. A ganina wannan ne karo na farko a yankinmu da aka ce wa mai ɗaukar aiki: lafiyar leburanka tana wuyanka, ba ta Allah-Ya-sawwaƙe ba ce kawai. Sai dai ku lura da dalilin. Ciwon barci yana watsa sansani, yana bin mutane gida ya rage masu biyan haraji. Da a jikin lebura kaɗai yake tsayawa, kamar ciwon baya ko gwaiwa, da ba a yi masa doka ba.

A lokacin ne kuma aka yi aikin nan na Anchau a arewacin Zazzau, inda aka share kurmi aka gina sabon gari da rijiyoyi masu murfi aka sa masa suna Takalafiya. Cibiyar binciken ciwon barci da sammore da ke Kaduna da Vom ma daga wannan fafutikar ta samo asali.

Sai ga yaƙi ya zo ya tona asirin komai. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, wadda ita ce ta fi kowa kuza a duniya. Ingila tana bukatar kuza don gwangwanin abincin soja da kayan yaƙi, sai ta juyo kan Jos. Leburorin son rai ba su isa ba, kamfanoni irin su ATMN kuwa ba su son ƙara lada don jawo mutane. Sai gwamnati ta ce a ɗebo da ƙarfi, alhali Ingila ta sa hannu tun 1931 a yarjejeniyar duniya da ta hana yi wa kamfani mai zaman kansa aikin tilas. Hausawa suka sa wa abin suna diban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi wajen mutum 100,000 daga lardunan Arewa, irin su Zariya da Katsina da Sakkwato da Bauchi da Binuwai, kowane rukuni ya yi wajen wata huɗu. Waɗanda aka kwaso daga kudu ta tashar nan tamu suka bi. A 1943 an fitar da kuza sama da tan 17,000, ba a taɓa kaiwa haka ba.

Ka ɗauko mutum daga ƙasar zafi da 'yar taguwa ɗaya, ka ajiye shi a kan tudun Jos cikin bukkar ciyawa mai yoyo, ka sa shi cikin ruwan sanyi tun asuba, abincin da za ka ba shi kuma bai kai cikin cokali ba, ga shi an yi ƙarancin hatsi a shekarun. Me kake jira? Ciwon haƙarƙari da atuni da sanƙarau da agana suka yi ta ɗibar mutane. Wurin da ya fi muni shi ne aikin madatsar ruwa ta Tenti, inda aka mutu har maganar ta kai majalisar Landan. Da yawa sun gudu da ƙafa cikin dare, wasu ba su kai gida ba. Abin da ya fi ba ni haushi a wannan labari shi ne, hukumar da ta iya ƙirga kaluluwar wuyan lebura duk bayan 'yan makonni, ita ce ta kasa ba shi bargo. Ba rashin sani ba ne. Ɗan diban gwamna kyauta yake zuwa, in ya faɗi hakimi zai turo wani. An daina abin a 1944, da aka ga surutu ya yi yawa kuma kuzar da mutum mai yunwa ke haƙowa ba ta taka kara ta karya ba.

A gidanmu wannan ba labarin littafi ba ne. Wan kakana yana cikin waɗanda aka ɗebo daga ƙasar Katsina. Ya dawo da rai, amma da tarin da bai rabu da shi ba har ya bar duniya, ko noma bai ƙara yi sosai ba. Kakana kuwa, da ya ga ana ta zuwa neman samari, sai ya saɓi 'yar jakarsa ya bi wani fatoma mai hatsi, ya yi ta gangarowa har Kafanchan. Mahaifina yakan ce mu dai gudun kuza ne ya kawo mu nan, ba neman arziki ba. Babu wanda ya biya wan kakana ko anini na diyya, ko da yake tun 1941 akwai dokar biyan diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki. Dokar ta san yatsan da inji ya yanke. Huhun da sanyi ya cinye kuwa ba ta san da shi ba, balle a ce talakan da ba ya karatun boko ya je ya shigar da ƙara.

Ma'aikatan reluwe su ne suka fara nuna cewa akwai wata hanya ban da jiran tausayin Bature. Yaƙi ya sa kaya sun yi tsada ninkin-ba-ninkin, albashi yana nan inda yake. A watan Yuni na 1945 suka jagoranci yajin aikin gama-gari, Michael Imoudu yana gaba, aka yi sama da kwana arba'in jirgi bai motsa ba. Abin da suke nema shi ne ƙarin kuɗin tsadar rayuwa, wanda tsofaffi har yau suke kira kola (ba goro ba fa, sunan alawus ɗin ke nan). Wani zai ce ina ruwan wannan da lafiya? Ai abinci shi ne asibitin farko. Mai zuba gawayin da ya karya da ruwan koko ba ƙosai, ba katin asibitin da zai tsayar da shi a gaban tanderu. Kwamitin Tudor Davies ya zauna, a 1946 aka ba su ƙarin. Mu 'yan kasuwa ma mun ci moriya, don kuɗin a kasuwa suka ƙare.

Daga 1955, da aka mayar da reluwe hukuma mai cin gashin kanta, har zuwa shekarun 1970, shi ne lokacin da dattawa ke kira zamanin daɗi. Kafanchan ta zama hedikwatar shiyya, ga kwatas, ga kulob, ga filin ƙwallo, ga wurin shan magani na ma'aikata da matansu da 'ya'yansu. Injin dizal ya maye gurbin na gawayi, tarin baƙin kaki ya ragu. Ma'aikatan reluwe a ƙasa baki ɗaya sun haura 40,000. Sai manyan motoci suka ƙwace kaya, kuza ta faɗi, gyara ya gagara. An kawo Indiyawa a 1979 suka riƙe hukumar shekara uku, abin ya ɗan farfaɗo, suka tafi ya koma. A 1988 aka ce hukumar ta karye, aka yi ta sallamar mutane har suka koma ƙasa da 10,000. A nan ne aibin tsarin ya fito. Tun da lafiyar mutum a jikin kamfani aka ɗaure ta, ranar da kamfani ya kwanta, ita ma ta kwanta. Tsofaffin da suka ba reluwe ƙuruciyarsu suka koma bin fansho na watanni da shekaru, a daidai lokacin da hawan jini da ciwon suga suka same su. Da yawa a shagunan iyayenmu suka riƙa cin bashin gari da sabulu, wasu sun rasu ba su biya ba, aka yafe.

Yanzu kuma bari in juyo kanmu, don bai kamata mu yi ta zagin Bature da kamfani mu manta mu ma iyayen gida ne ba. Bahaushen Kafanchan bai cika shiga aikin albashi ba. Tsarinmu na maigida da yara ne. Yaro ya zo daga Katsina ko Kano ko Maraɗi, ya kwana a zauren maigida, ya ci daga tukunyarsa, ya yi shekaru yana jiran shago, ran da aka ga ya isa a sallame shi da jari, wani har aure ake yi masa. In ya kwanta ciwo maigida ne zai kira wanzami ko ya kai shi asibitin gwamnati ko na mishan a Zonkwa ko Kagoro, ya biya. In ya rasu a nan, maigida ne zai yi likkafani ya aika gida. Wannan tsari ya yi abin da dokar 1941 ba ta yi ba, don ba ya tambayar ko a bakin aiki ciwon ya same ka. Ga kuma adashi, ga karo-karo a masallaci bayan sallar isha'i in wani ya shiga uku. Ban raina wannan ba ko kaɗan, da shi muka rayu a garin da ba mu da gona.

Amma a faɗi gaskiya, duk tsarin a kan halin mutum ɗaya yake tsaye. In ka dace da maigida mai tsoron Allah ka huta. In ka haɗu da mai maƙo, ranar da ka kwana uku ba ka fito ba sai ka ji ana cewa yaron nan ragwanci ya yi masa yawa, a ba ka kuɗin mota ka koma garinku, kamar dai yadda heluma ke yi a zamanin dogo. Kuma 'yan dako da matan da ke tsintar citta ba sa ma cikin lissafin, don su ba yaran kowa ba ne, a kan buhu ake biyan su.

Duk wanda ya shiga siton citta da rani ya san abin da nake faɗi. Daga Kachia da Kwoi da Kagarko ake kawo ta a fashe a busar, a zube a ƙasa, mata su zauna suna tsince dutse da ruɓaɓɓiya, samari suna sheƙewa suna durawa. Ƙurar tana da yaji, tana shiga ido da maƙogwaro, baƙo ba ya minti biyar bai fara atishawa ba. Su kuwa tun safe har la'asar suke ciki, wata da jariri a goye, ƙofa ɗaya, taga a toshe don ɓarayi. Iyakar kariya ɗankwali a hanci. A siton hatsi kuma ga maganin ƙwari da ake sakawa a buhu, wani sa'in yaro a cikin siton yake kwana yana gadi. 'Yan dako kuwa buhun masara mai kilo 100 suke saɓawa su hau katako su jefa a tirela. Kafin ɗan dako ya kai arba'in, ko gwaiwa ko baya ya tafi. Shi ya sa ƙwaya ta samu shiga. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 a Nijeriya suna shan magungunan kashe ciwo irin su tiramol ba bisa ƙa'ida ba. Mukan ce yaran zamani sun lalace. Wasu kam shaye-shaye ne kawai, amma na san waɗanda da ciwon baya suka fara, suka je kemis don su iya fitowa gobe, saboda in ba su fito ba babu tuwo.

Shi kansa maigidan ba tsira ya yi ba. Ɗan kasuwa ba shi da hutun shekara, ba shi da takardar rashin lafiya, jarinsa da lissafinsa da bashin da yake bi duk a kansa suke. Zai zauna a benci shekara talatin, shayi mai sukari cokali huɗu, ba ya zuwa awon jini sai ranar da aka ɗauke shi ranga-ranga. Kuma garin nan ya sha jijjiga mutane: rikicin 1987, sannan na watan Afrilun 2011 da aka ƙona babbar kasuwa, Musulmi da Kirista kowa ya yi asara. Ana ƙirga shagunan da suka ƙone da waɗanda aka kashe, amma ba a ƙirga dattawan da shanyewar ɓarin jiki ta kama a watannin da suka biyo baya. Haka aka sake gani a 2023, da cutar ruɓa ta cinye gonakin citta, manoma suka kasa biyan kuɗin da 'yan kasuwa suka ba su tun damina. In maigida ya faɗi, yara biyar ko goma ne suka faɗi tare da shi.

A takarda dai yanzu akwai dokoki. Ta 2010 ta ce duk mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun NSITF, don diyyar rauni da ciwon da aiki ya jawo. Jihar Kaduna ta kafa hukumar KADCHMA a 2018, inda mai sana'ar kansa ma zai iya biyan kuɗin shekara ya riƙa ganin likita. A 2022 dokar tarayya ta ce inshorar lafiya wajibi ce a kan kowa. Babban asibitinmu, da aka sa wa sunan marigayi gwamna Patrick Yakowa, a 2025 gwamnatin tarayya ta amince ta mayar da shi cibiyar lafiya tata. Amma har yanzu sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani a ƙasar nan daga aljihun mara lafiya suke fita, kuma ku zagaya layin masu hatsi ku tambayi wa ya yi wa yaransa rajista. Wasu na ƙyamar kalmar inshora, alhali in ka duba, karo-karon nan ne da muke yi bayan isha'i, sai dai shi ana tarawa tun kafin mutum ya kwanta. Ƙungiyar 'yan kasuwar da ke iya tara kuɗin masu gadi da na shara duk wata, ban ga abin da zai hana ta shigar da 'yan dakonta a dunƙule ba.

Akwai ma abin da ba ya bukatar gwamnati. Tun 1967 ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai. Mu muna ɗora wa mutum kusan ninki biyu. Kwanakin baya an ta da maganar a layinmu, wani dattijo ya ce a koma ɗurin rabin buhu, ko kuwa mutum biyu su riƙa kama guda. Masu kaya suka ce kuɗin buhuna da ɗinki zai ninka, direbobin tirela suka ce lodi zai ci lokaci. Amma waɗanda suka fi kowa ƙin maganar su ne 'yan dakon da kansu. Sarkinsu ya miƙe ya ce a kan buhu ake biyan su, in an raba buhu biyu sun san ladan ma rabawa za a yi, ga sawu ya ninka. Ya ce in dai da gaske ake, a fara faɗin nawa za a biya rabin buhun. Aka yi shiru, kowa na duban na kusa da shi, har ladan ya kira azahar.